Kwalba Biyu Saboda Kawu

A ƙasan benen da muke haya a Guangzhou akwai ɗan kantin wata mata 'yar ƙasar, tana sayar da sigari da ruwan sanyi da katin waya. A gaban kantin akwai teburin roba da jajayen kujeru. Kullum muka sauko da safe, wajen ƙarfe bakwai, sai mu tarar da tsofaffin Turawa uku a zaune, kowa da koriyar kwalbar giya a gabansa. A lokacin wasunmu ko lazimin safe ba su idar ba.

Ba wai ba mu taɓa ganin mashayi ba. A Kano ma akwai su, kowa ya san inda suke zuwa. Amma mashayin gida yana jiran rana ta faɗi, ya ɓuya ya sha abinsa, ya tauna goro kafin ya shigo unguwa. Yana da sauran kunya. Waɗannan kuwa da furfurarsu da komai, a bakin titi, gaban 'yan makaranta masu wucewa, ko karyawa ba su yi ba. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne natsuwarsu. Ba hayaniya, ba tangaɗi, suna kurɓa suna kallon titi kamar masu shan koko.

Mun yi ta yi da su. Wani ya ce a ƙasarsu aka kore su, wani ya ce 'ya'yansu ne suka gaji da su. Wani Banijare da muke bene ɗaya da shi ya ce shi tausayin kujerun yake ji. Ni kuwa na fi kowa zafi. In na zo wucewa sai na toshe hanci, na yi a'uzubillahi da ƙarfi yadda za su ji, wani lokacin har na tofar da yawu. A raina jihadi nake yi. Shekarata talatin da biyu a lokacin, kuma ina ganin na gama sanin wanda zai shiga wuta.

Mafi tsufa a cikinsu dogo ne siriri, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da ta sha guga. Mu muka sa masa Tsohon Kwalba. Mutum ɗaya ne a cikinmu yake gaishe shi: Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya sa ni a harkar kaya tun ina sayar da takalma a kan tebur a Kano. Kawu yakan zo sau biyu a shekara don baje kolin Pazhou, ya sauka a ɗakina. Duk safiya in za mu wuce sai ya ɗan rage tafiya, ya ɗaga hannu, ya ɗan sunkuyar da kai. Tsohon ya ajiye kwalbar, ya miƙe rabi daga kujera, ya amsa da kai. Ko kalma ɗaya ba sa yi wa juna, don Kawu ba ya jin Turanci.

Wata rana na kasa haƙuri.

“Kawu, don Allah me ye na gaishe da wannan mutumin? Jama'a suna kallonka fa.”

“Ya girme ni,” in ji Kawu.

“Amma giya yake sha, da sassafe.”

“To ni kwalbar na gayar? Kai dai ɗan nan, ka cika zafin kai. Yi sauri kar motar ta tafi.”

A shekarar da aka yi wasannin Olamfik garin ya canja mana. Wasannin a can arewacin ƙasar ake yin su, amma zafinsu mu muka sha. Bizar da a da ake sabuntawa cikin sauƙi ta zama sai mutum ya koma ƙasarsa. Ana tsayar da mutane a titi a duba fasfo, ana hawa benaye ana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da suke jin Sinanci sosai suna yi mana tafinta, wasu sun tafi gida, wasu sun shige ɗaki sun kashe waya. Turawan nan ma biyu suka ɓace, aka bar Tsohon Kwalba shi kaɗai da teburinsa.

Kawu ya zo baje kolin bazara, sai kwantenarsa ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga an ɗora ta a jirgi. Haka ya kai tsakiyar zafi, irin zafin garin nan mai ɗanko, wanda mutum zai yi wanka ya fito yana gumi. Yana da hawan jini, yana shan magani in ya tuna. Wata Litinin muka yi sallar asuba a ɗaki, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Na shiga kicin na dafa masa shayi. Da na fito da kofin a hannu, Kawu ya riga ya cika.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya tashi a gidajenmu zai gane shi. Na kira mutanenmu na benen. Cikinsu akwai wani Alhaji mutumin Ghana, ɗan zango, mai harkar tura kaya, shi ne babba a cikinmu kuma shi yake ja mana salla. Muka rufe wa Kawu ido, muka ɗaure masa haɓa, muka miƙar da shi. Kawu kuwa duk inda za shi da likkafaninsa yake tafiya, a ƙasan akwati, wanda ya tsoma a ruwan zamzam shekarar da ya yi hajji. Sau nawa na tsokane shi a kan haka. Da na ciro shi, sai kowa ya ga ai ba abin jira. Muka yi masa wanka a banɗakin ɗakin, muka sa turare, muka suturta shi. Muka wanke zanin gadon, muka goge ƙasa, muka zubar da shayin. Kafin ƙarfe tara Kawu yana kwance fes cikin farin yadi, mu kuma muna ganin mun yi masa gata.

Ba wanda ya tuna cewa ba a Kano muke ba. Ba wanda ya ce a kira likita ko hukuma tukuna.

Mai gidan ne ya ga ana shiga ana fita, ya leƙo, ya ga abin da ke kan gado, ya fita da gudu yana waya. Da 'yan sanda suka zo, rabin waɗanda suka yi wankan sun sulale, don bizarsu ta ƙare. Ban ga laifinsu ba, amma na ji zafin abin. Jami'an suka tsaya suna kallon ɗakin: ga gawa an wanke an naɗe, ga gado an sake masa zani, ga ƙasa tana ƙyalli. Ni kaina da na kalli ɗakin da idonsu, sai na ga kamar wani abu muka ɓoye. Suka kwance likkafanin a gabana. Suka sa Kawu a baƙar jaka mai zif suka tafi da shi.

Daga ranar na zama ɗan zarya. Sinancin da na iya na kasuwa ne: nihaw ta gaisuwa, shiyeshiye ta godiya, lawban (wato maigida) rage mini, nawa ne dozin. Da shi nake sayen riguna a kasuwar Baima har a yaba mini. Amma ba a koya mini yadda ake cewa “addininmu ne ya sa muka wanke shi” ba. In na je wannan ofis a nuna mini wancan, in na je wancan a ce meyo, wato babu. Likita ya duba ya ce zuciya ce, wannan kam an yarda. Abin da ya rage shi ne bayani a rubuce, da Sinanci, na dalilin da ya sa aka taɓa gawar da wurin kafin hukuma ta zo, da tafinta mai cikakkun takardu da zai tsaya ya sa hannu. Ba wannan, ba takardar sakin gawa.

Na je wurin limamin Musulmin garin, dattijo mai farar hula. Da ɗan Larabcina da nasa muka fahimci juna. Ya ce ƙasa akwai a maƙabartarsu, a bayan gari, amma ba zai iya sa kowa a cikinta ba sai da takarda. Sannan ya faɗi abin da nake ta jin ƙishin-ƙishinsa ina toshe kunne. A nan ƙona gawa ake yi. Wadda aka rasa mai karɓarta da takarda, in ta daɗe, can take ƙarewa.

Ban san yadda zan kwatanta kwanakin nan ba. In na ɗaga cokali sai na tuna Kawu yana cikin firji kamar kifi, in ajiye. In na ga hayaƙi yana tashi daga wani bene sai in kau da kai. Mutumin da yake yawo da likkafaninsa ƙasa-ƙasa don kar mutuwa ta same shi ba shiri, ni da hannuna na jawo masa wuta tun a duniya. Hajiya, matarsa, tana kira daga Kano safe da yamma, tambayarta ɗaya: “An sa shi a makwancinsa?” Ina ce mata gobe in Allah ya so. Mahaifiyata kuwa ba ta ma iya magana, sai dai in ji numfashinta a waya. Ga tawa bizar saura kwana tara, kuma in na fita ba mai tsaya wa Kawu.

Na nemi tafinta har na gaji. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki waya, da ya ji maganar 'yan sanda ce ya ce in yafe masa. Wani ɗan ƙasar da muke ciniki da shi ya yi mini ta'aziyya da hannu biyu, ya ce shi ba ya shiga maganar gawa. Na roƙi mutanen da ban taɓa zaton zan roƙa ba. Na yi kuka a cikin motar haya, direban yana kallona ta madubi.

Ranar Alhamis da safe na sauko, ban ma san inda zan nufa ba. Na zo wuce teburin, ko ƙarfin toshe hanci ba ni da shi. Sai na ji an yi magana da Turanci.

“Saurayi. Ina dattijon da yake gaishe ni? Kwana uku ban gan shi ba.”

Na tsaya. Shekara biyu ina wuce mutumin nan, ban taɓa jin muryarsa ba. Na buɗe baki in ce ya rasu in wuce, sai kawai komai ya zubo. Ina tsaye a rana, yana zaune da kwalbarsa, na gaya masa wankan, da jakar, da meyo, da wutar. Bai katse ni ba. Da na gama ya juya ya yi wa mai kantin magana da Sinanci, ba irin nawa ba, Sinanci mai gudu kamar a bakinsa aka haife shi. Ta kawo mini kujera da ruwa.

Ya ce shekara ashirin da wani abu yana aikin tafinta a kamfanin jiragen ruwa kafin ya yi ritaya. Matarsa 'yar garin ce, ta rasu, shi ya yi zaryar takardunta, ya kuma yi na abokansa biyu. Ya san ofishin, ya san irin bayanin da suke so. Takardunsa kuma lafiya lau suke.

“Gobe ƙarfe takwas ka same ni a nan,” ya ce. “Gobe Juma'a. In ba a sa hannu goben ba, sai wani makon, kuma wani makon ba na ba ka tabbas.”

Da na gaya wa Alhajin Ghana, ya daɗe yana shafa gemu. “Wannan mutum, mashayi ne fa,” ya ce. “Amma to, ba mu da wani. Zan bi ku, ni ma na sa hannu cikin wankan.” Shi bizarsa tana da rai, kuma ya yi jarumta da ya zo, ba zan hana shi wannan ba.

Da safe muka tarar da tsohon a tsaye, ya sa kwat da lakatayi a wannan zafin, ya taje furfurarsa. Teburin wayam, ba kwalba. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe yana da hankali.

Tun a mota na lura da hannunsa. Ya ɗora shi a gwiwa, yana rawa, ya danne shi da ɗayan, shi ma yana rawa. Da muka isa ofishin aka ba mu fom da farar takarda, aka nuna mana benci. Ya ɗauki biro. Rubutun Sinanci kuwa zane ne, ɗigo ɗaya ya kauce ma'ana ta tafi. Biron ya yi ta tsalle a kan takardar. Ya yage ta, ya karɓi wata. Gumi ya jiƙa masa kwala, fuskarsa ta yi fari fat, leɓensa yana karkarwa. Jami'in da ke bayan gilashi ya yi masa tambaya, ya buɗe baki maganar ta sarƙe. Jami'in ya dube shi, ya dube mu, ya nuna agogon bango. Ƙarfe goma sha biyu suke rufe karɓar takardu, ga shi goma ta wuce.

Muka fito da shi waje, ya zauna a bakin dakali ya sunkuyar da kai.

“Yallaɓai, ba ka da lafiya ne? Mu je asibiti?”

“Ban sha ba ne,” ya ce, bai ɗago ba. “Na ga sha'anin mamacinku ne, kuma na san yadda kuke kallon abin. Na ce yau ɗaya dai bari in zo muku da tsabta. Na ɗauka zan iya. Ka yi haƙuri.”

Na tsaya ina kallon hannuwan nan. Sai a lokacin na gane abin da nake tofa wa yawu shekara biyu. Ba daɗi yake ji da sassafe ba. Sai ya sha hannunsa yake zama nasa.

A tsallaken titi akwai kanti. Na san hukuncin, tun ina allo na san shi: mai sha, da mai sayarwa, da mai saya, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa. Ban manta ko ɗaya ba. Na tsallaka. Na buɗe firjin da hannuna, na ɗauko kwalba biyu masu sanyi, irin koren da nake gani a teburinsa. Mai kantin ya dubi hulata ya dubi kwalaben, ya sa mini a leda.

Alhaji ya tare ni tun kafin in ƙaraso. “Kai, ɗan'uwa! Mene ne wannan? Yau Juma'a fa. Wannan abu Allah bai so.”

“Alhaji, Kawu yana cikin firji.”

“Ko da haka. Ka bar ma Allah.”

“In ka iya rubutun, ga biro.”

 Ya juya mana baya, ya matsa can gindin wata bishiya yana jan carbi.

Tsohon ya kasa buɗe kwalbar. Ni na buɗe ta a gefen dakalin, kumfar ta zubo mini a yatsu, warin ya bugi hancina har na ji amai. Ya kasa kai ta baki ba tare da ta zube ba, sai na riƙe masa gindinta, kamar yadda ake ba mara lafiya ruwa. Ina riƙe ina istigfari a zuci, ina kuma addu'ar Allah ya sa ta yi aiki da wuri. Ban san ko an taɓa haɗa waɗannan addu'o'i biyu a baki ɗaya ba. Ya shanye ta farko, ya sha rabin ta biyu da kansa. Muka zauna muna kallon hannunsa, ni da shi, har rawar ta lafa.

Sha ɗaya da kwata muka koma. Ya cika shafi guda da rubutu mai kyau kamar bugun inji. Ya tsaya gaban gilashin ya yi bayani a natse, yana nuna ni, yana nuna Alhaji, yana kwatanta wanka da naɗi da hannunsa. Daga baya ya ce mini ya gaya musu cewa a wurinmu barin mamaci ba wanka kamar barin shi tsirara a titi ne, kuma gaggawar da muka yi ƙauna ce, ba ɓoye wani abu ba. Jami'in ya shiga ciki da takardar. Da ya fito, na ji ƙarar hatimi sau biyu. Na zauna a ƙasa a tsakiyar ofishin mutane.

Ranar Asabar muka karɓi Kawu. Aka sake yi masa wanka, muka mayar masa da likkafaninsa na zamzam. Tsohon ya biyo mu har maƙabarta da kwat ɗinsa, don akwai sauran takardar da za a nuna a ƙofa. Wannan karon ya sha abinsa kafin ya fito, kuma ana ji. Da aka gama da mai gadi, muka ɗauki makara za mu shiga, sai ya biyo bayanmu. Alhaji ya sa hannu ya tare shi, ba da faɗa ba. Ya ce da ni da Hausa, “Faɗa mishi ya jira nan. Da wannan wari ba ya shiga cikin bayin Allah.”

Mutane sun fi ashirin a wurin, duk suna kallona, kuma labarin kwalba biyu ya riga ya zaga. Kafaɗata tana ƙarƙashin makarar Kawu. Ina da abin faɗa, yana nan a bakina. Ban faɗa ba. Tsohon bai jira na fassara masa ba, ya ja da baya, ya ɗan sunkuyar da kai irin yadda yake yi wa Kawu. Da muka fito bayan an gama, ba ya nan.

Kwana uku bayan haka na bar ƙasar, bizata ta zo ƙarshe. Safiyar da zan tafi na same shi a teburinsa, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ake gaida manya a gida. Ya ce in tashi, gwiwar wandona za ta yi datti. Da na dawo bayan wata bakwai, teburin yana nan, kujerun suna nan. Na tambayi mai kantin da hannu, na kwatanta tsayinsa. Ta ce meyo. Ban san ko gida ya tafi ko mutuwa ya yi ba, kuma in mutuwa ce, ban san wanda ya yi masa zaryar takardu ba.

Da na je yi wa Hajiya gaisuwa a Kano, ta sa na ba ta labarin komai. Na ba ta, na tsallake wankan farko, na tsallake kwalaben. Ta ce, “Wane ne ya tsaya masa har aka samu takardar?”

Na ce, “Wani dattijo ne, Hajiya. Suna gaisawa da Kawu kullum da safe.”

“Allah sarki. Abokin sallar asuba ne ke nan.”



Har yau, duk lokacin da na je gaishe ta, bayan ta yi wa Kawu addu'a sai ta ɗora da dattijon nan na Guangzhou. Allah ya haskaka kabarinsa in ya rasu, Allah ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Ni kuma in ɗaga hannuwana, waɗanda suka riƙe masa kwalbar, in ce amin.